Sati uku a Delhi: masallaci, gurdwara da asibitin tsuntsaye

Ba yawon buɗe ido ne ya kaini Indiya ba, jinya ce. Baba aka yiwa aikin gwiwa a Delhi ni kuma na rako shi, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar da ba tashi ba yasan yadda abun yake, kwanakin farko baka da lokacin kanka ko na minti ɗaya, daga wannan gwaji sai wancan, daga wannan bene sai wancan, amma da zarar an gama aiki an koma motsa ƙafa da koyon tafiya sai ka wayi gari da lokaci jibge a hannunka ka rasa inda zaka kaishi. Watan Nuwamba ne, garin ya fara sanyi, ga wani hazo da yake sauka kullum wanda ba ƙura bace, hayaƙi ne, har ɗacinsa kake ji a maƙogwaro.

Akwai wani dattijo mai a-daidaita-sahu, su oto suke ce mata, kore da ruwan ɗorawa, shi yake kaini asibiti da safe ya dawo dani masauki da dare. Ranar farko da na ganshi da rawani shuɗi da farin gemu har ƙirji sai na miƙa masa hannu nace assalamu alaikum, ya amsa min sarai kuwa, sannan ya dafa ƙirjinsa yace shi Sikh ne, ya nuna min wata munduwar ƙarfe a hannunsa. Su gaisuwarsu Sat Sri Akal ce. Kowa a wajen Sardar ji yake kiransa nima na bi sahu, shi kuma beta yake ce min, wato ɗana. Turancinsa kaɗan ne, Indiyancina kuma na fim ne, amma a haka muka yi sati uku muna hira.

Ni dai abun da na sani game da addinan Indiya kafin naje bai wuce abun da muka taso muna gani a finafinai ba, a kaɗa ƙararrawa, a ɗiga ja a goshi, shikenan. A ƙidayarsu ta 2011 Hindu sun kusa kashi 80 cikin 100, Musulmi kashi 14 da ɗoriya wanda tun a lokacin mutum miliyan 172 ne, Kirista kashi 2 da ɗan wani abu, Sikh basu cika kashi 2 ba, su Jain kuwa ko kashi 1 basu kai ba. Sardar ji ne yace min in ina so naga duka waɗannan a rana ɗaya to na tafi Chandni Chowk a tsohon gari. Da na faɗawa Baba nace "Baba, Sardar ji yace zai kaini naga wuraren ibadarsu," sai ya ɗan yi shiru yana murza carbi sannan yace "Je ka gani mana. Amma kar ka rusunawa komai, kar kuma ka raina wa kowa abinsa. Kuma kar Juma'a ta wuce ka."

Ranar Juma'ar da safe ya sauke ni a gaban Lal Qila, jar ganuwar nan da sarki Shah Jahan ya gina, don yanzu da rana ba'a barin motoci su shiga titin sai masu keken ja da ƙafa da masu tafiya a ƙasa. Titin miƙaƙƙe ne bai kai kilomita 2 ba, 'yar Shah Jahan ɗin mai suna Jahanara ce ta tsara shi wajajen 1650. Gini na farko a bakin titin jan ɗakin bauta ne na 'yan Jain, Lal Mandir, asalinsa tun 1656. A bakin ƙofa aka ce na cire takalmi, na cire, aka nuna bel ɗina aka ce shima, har walat, duk wani abu na fata baya shiga. Su a addininsu kashe rai ko na ƙwaro babban laifi ne, shi yasa basa cin nama, masu tsanantawa a cikinsu ko albasa da dankali basa ci saboda tono su yana kashe ƙananan halittun cikin ƙasa, kuma basa cin abinci bayan faɗuwar rana. Na leƙa ciki kaɗan naga mutane zaune shiru da tsabar shinkafa a gabansu, amma inda na daɗe shine asibitin tsuntsayen da yake cikin harabar. Asibiti sosai fa, hawa hawa, keji keji, tantabaru da aku da kurciyoyi, wata an ɗaure mata fiffike, wata ana ɗiga mata magani a ido. Wani ma'aikaci yace min da yawansu fankar sili ce take bugesu ko kuma zaren abun wasan nan na takarda da yara suke sakewa sama ya yanke su, mutane su tsinto su kawo, kyauta ake yi, in sun warke a sake su. Ni da na baro mahaifina a gadon asibiti wallahi sai naji wani abu ya tsaya min a wuya ganin wani mutum riƙe da tantabara da hannu biyu yana jiran layi, fuskarsa irin ta duk wani ɗan jinya da na gani a makon nan.

Kusa dashi, kusan bango ɗaya, mandir ɗin Hindu ne na Gauri Shankar, na masu bautar Shiva. Masu sayar da furanni sun cika bakin ƙofar, ruwan ɗorawa da ruwan lemo an shirya su sarƙa sarƙa, mata na hawa matakala da madara a ƙananan kofuna, ƙararrawa bata tsayawa. Nan kam ban hau ba. Ba wanda ya hana ni, wani ma hannu ya ɗaga min yana cewa na shigo, amma zuciyata bata bani ba, gumaka ne a ciki kuma nasan in na hau za'a miƙo min abun da aka yi bauta dashi ko a kawo hannu goshina, gara na tsaya daga ƙasa da naje na ƙi karɓa na ɓatawa wani rai a ɗakin ibadarsa. Na tsaya wajen minti goma ina kallo. Wata tsohuwa da ƙyar take ɗaga ƙafa, jikanta na riƙe da ita, kowace matakala sai ta taɓa da hannu ta shafa a kanta. A ɗaya gefen titin akwai cocin Baptist, tsoho ne tun zamanin Turawa, a rufe na same shi don haka na wuce.

Sai Sis Ganj. Tun daga nesa zaka hango ƙubbobinsa ruwan gwal. Wurin ibadar Sikh gurdwara ake ce masa kuma wannan yana cikin mafi girma a wajensu saboda a daidai nan aka fille kan malaminsu na tara, Guru Tegh Bahadur, a 1675 bisa umarnin sarki Aurangzeb. Kalmar sis ma kai take nufi. A tarihin da Sikh suke bayarwa ya tsayawa 'yan Hindu na Kashmir ne da ake matsawa su bar addininsu, aka ce shima ya musulunta yaƙi. Wani almajirinsa ya ɗauke kan ya gudu dashi har Anandpur, wani kuma ya sace gangar jikin ya kai gidansa ya cinnawa gidan nasa wuta don ya ƙona gawar ba tare da an gane ba, wajen yanzu shine gurdwarar Rakab Ganj kusa da majalisar dokoki. Wani bawan Allah ne ya bani labarin nan muna tsaye a layin ajiye takalmi, kuma yaga hulata yasan ko ni waye, amma ko a muryarsa banji zafi ba. Jikina yayi sanyi. Mu da aka karantar damu cewa babu tilas a addini, ace sarki Musulmi ne yayi wannan, kuma ga jikokin almajiran mutumin suna karɓar takalmina da hannu biyu.

Maganar takalmin nan ma abun a tsaya ne. Masu karɓa ba ma'aikata bane, masu sa kai ne, wani da agogo mai tsada a hannu da ka ganshi kasan ba ƙaramin mutum bane, yana durƙushe yana goge takalman mutane da tsumma. Seva suke ce masa, hidima. Ka cire har safa, ka taka ta cikin wani ɗan ruwa mara zurfi ya wanke maka ƙafa, a baka ƙyalle ka ɗaura a kai, mace da namiji kowa sai ya rufe kai, taba sigari kuwa ko a aljihu bata shiga. Ciki ba gunki ko ɗaya, littafinsu ne Guru Granth Sahib a ƙarƙashin wata rumfa, wani yana masa fifita, wasu mutum uku suna rera baitoci da ƙananan gangunan nan tabla. Su suna zuwa su kai goshi ƙasa a gaban littafin, ni na raɓe ta gefe na zauna a baya, ba wanda ya kalle ni sau biyu. Daga baya na samu labarin cewa a cikin littafin har da baitocin Baba Farid, wani shehin Musulmi na ɗariƙar Chishtiyya da ya rayu tun kafin a haifi Guru Nanak, malaminsu na farko, a 1469.

Jikin gurdwarar akwai ɗan ƙaramin masallaci mai ƙubba uku, Sunehri Masjid, wanda daga samansa Nadir Shah na Farisa ya zauna yana kallo sojojinsa suna karkashe mutanen Delhi a 1739. Titin nan duk inda ka taka akwai jini a tarihinsa. A can ƙarshensa kuma masallacin Fatehpuri ne, ɗaya daga cikin matan Shah Jahan ta gina shi a 1650, yana jingine da kasuwar kayan yaji ta Khari Baoli inda tun kafin ka ƙarasa zaka fara atishawa. Bayan boren da Indiyawa suka yiwa mulkin Turawa a 1857, Turawan Ingila sun ƙwace masallacin nan sun yi gwanjonsa, wani attajiri ɗan Hindu Lala Chunnamal ya saya rupi 19,000 ya riƙe bai rushe ba, sai a 1877 gwamnati ta bashi ƙauyuka huɗu ta karɓa ta mayar wa Musulmi. Na zauna a bakin tafkin alwalar na daɗe ina juya labarin nan da na Sis Ganj a raina, tsakaninsu tafiyar minti goma ce a ƙafa.

Daga nan na hau keke ta cikin lunguna zuwa Jama Masjid. Kai, gani ya kori ji. A kan tudu yake, sai ka hau matakala sama da 30 kafin ka kai ƙofa, jan dutse da farin mabul, hasumiya biyu kowace wajen mita 40, ƙubba uku, an fara gininsa a 1650 aka gama a 1656, tsakar gidan kaɗai tana ɗaukar mutum 25,000. Limamin farko daga Bukhara aka ɗauko shi kuma har yau zuri'arsa ce take limanci. Shima Turawa sun rufe shi bayan 1857 sun zuba sojoji a ciki sai 1862 aka buɗe. Nayi alwala a tafkin tsakiya ina tsakanin wani tsoho mai jan gemun lalle da wani yaro, tantabaru na ta shawagi a kanmu. Su Hanafiyya ne, sallah namaz suke ce mata, ana fara wa'azi da Urdu kafin huɗubar Larabci, basa ɗaga murya da amin, la'asar ɗinsu ma tana ɗan jinkiri akan wadda na saba. Amma da aka tada iƙama aka ce Allahu Akbar, kafaɗata ta haɗu da ta mutumin da bamu da yare ɗaya, sai hawaye kawai. Kwana goma ina riƙe da tsoron aikin Baba a cikina ban faɗawa kowa ba, a sujjadar nan na sauke shi. Bayan sallama tsohon ya riƙe hannuna yana tambaya da ido, nace Najeriya, nace baba, hospital, ya ɗaga hannu ya fara dua, kalmar ɗaya ce da tamu.

Kar wani ya karanta wannan ya ɗauka garin lafiya lau ake zaune kamar 'yan uwa ɗaya. Matashin da yake mana tafinta Musulmi ne, da na bashi labarin yawona cikin murna sai ya rage murya yace a watan Fabrairun 2020 a arewa maso gabashin garin nan an yi rikici mutum 53 suka mutu, mafi yawansu Musulmi, an ƙona masallatai da shaguna, kuma akwai unguwannin da in ka faɗi sunanka ba zasu baka hayar ɗaki ba. Ni kaina baƙar fatata ta jawo min kallo a jirgin metro da wata kalma da wasu samari suka jefo min a titi wadda ba sai an fassara min ba. Sardar ji kuwa ranar da na tambaye shi 1984, shekarar da aka kashe firaministar ƙasar Indira Gandhi aka bi Sikh gida gida a Delhi aka kashe kusan 3,000 cikin 'yan kwanaki, sai da ya gangara gefen titi ya kashe oto. Yace maƙwabcinsu ɗan Hindu ne ya ɓoye su a ɗaki kwana uku, kuma da hannunsa ya yanke gashin kansa da almakashi don kar a gane shi, gashin da tun haihuwa ba'a taɓa ba. Bai ƙara komai ba ya tada mashin muka tafi.

Shi ya kaini Bangla Sahib da kansa ranar Lahadi, babbar gurdwarar da take kusa da Connaught Place, ga kuma babban cocin Katolika na Sacred Heart nan kusa ana ta fitowa daga ibada. Asali gidan Raja Jai Singh ne, malaminsu na takwas Guru Har Krishan ya sauka a nan a 1664 lokacin ana annobar agana da kwalara, yaro ne bai cika shekara 8 ba, yana baiwa marasa lafiya ruwan rijiyar gidan har shima cutar ta kama shi ya rasu. Shi yasa har yau suke ɗibar ruwan wajen a kwalba don neman waraka. Akwai wani ƙaton tafki da kifaye a ciki mutane na zagayawa a hankali. Amma langar ce ta tsaya min a rai, wato ɗakin cin abinci. An buɗe ƙofa muka shiga ɗaruruwa, kowa ya zauna a ƙasa a kan doguwar tabarma sahu sahu kamar za'a yi sallah, aka bi da faranti, aka bi da miyar wakensu dal, da shinkafa, da gurasarsu roti wadda sai ka haɗa tafin hannu biyu ake saka maka. Ba nama, don kowa ya iya ci. A damana wani ɗan dako ne ƙafarsa duk faso, a haguna wata mata da 'ya'yanta cikin kaya masu tsada, gaba kaɗan Turawa biyu. Ba wanda ya tambaye ni addinina ko ƙasata ko ina da kuɗi. Muna tashi aka share aka goge wasu ɗaruruwan suka shigo, haka ake yi kullum, dubbai, har dare. A ƙasar da aka gaji tsarin da wani baya cin abinci da wani saboda asalin haihuwa, zaman nan a sahu ɗaya ba ƙaramar magana bace, ana ma bada labarin cewa sarki Akbar da yazo ganin malaminsu na uku sai da ya zauna a ƙasa yaci tare da talakawa tukuna. Lokacin korona a 2021 da iskar oksijin ta yanke a Delhi wasu gurdwarori har ita suka dinga rabawa kyauta a bakin titi.

Na shiga kicin ɗin na zauna cikin mata da maza masu murza roti na murza nawa wajen rabin awa. Gaskiya kishi ya kama ni, kishi mai kyau. Ciyarwa ai tamu ce, an faɗa mana an nanata, amma sau nawa muke yinta ba sai azumi ba, ba tare da an kira sunan mai bayarwa a lasifika ba, ba tare da an jera mabuƙata a rana ana ɗaukarsu hoto ba? Halwar da suke rabawa a ƙofar ɗakin ibada ban karɓa ba don ita ta ibada ce, na haɗa hannu nayi godiya, Sardar ji ya gyaɗa kai ya wuce dani.

Lotus Temple na 'yan Baha'i naje shima, an gama shi a 1986, siffar furen bado da farin mabul, ganye 27, ƙofa 9, ciki ba komai sai kujeru da shiru. Yana da kyau matuƙa amma ban daɗe ba. Nizamuddin kuwa daren Alhamis naje, hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya da ya rasu a 1325, lunguna matsattsu cike da furen wardi da turare, masu qawwali, wato waƙoƙin bege na sufaye, suna zaune a tsakar gida suna tafi, 'yan Hindu da Sikh a cikin taron suna ɗaura zare a jikin tagogin dutse. Wasu abubuwan da na gani ana yi a jikin kabarin ban gamsu dasu ba kuma ban yi ba, nayi magariba a masallacin wajen nayi wa mamatan addu'a. A wani lungu na harabar na tarar da kabarin Jahanara, wadda ta tsara Chandni Chowk, ba rufi ba ƙubba sai ciyawa a samansa kamar yadda ta bar wasiyya.

Ranar da za'a kaimu filin jirgi Sardar ji yazo masauki tun da asuba duk da ba shi zai kaimu ba, kayanmu sun fi ƙarfin oto. Ya durƙusa zai taɓa ƙafar Baba irin gaisuwarsu ga manya, Baba ya riƙo kafaɗarsa ya ɗago shi. Sai ya ciro wata 'yar ƙaramar kwalbar roba daga aljihu, ruwan Bangla Sahib, ya nuna gwiwar Baba. Na kalli Baba ban san me zance ba. Yace min "Karɓi da hannu biyu. Abun da yafi daraja a wajensa ya kawo mana." Na karɓa. Baba yasa na buɗe jaka na ɗauko ragowar dabinonsa da kwalbar turarensa da bai taɓa rabuwa da ita ba ya damƙa masa, suka riƙe hannun juna sun daɗe, wannan na magana da Hausa wancan da Punjabi.

Baba bai sha ruwan ba, bai kuma shafa ba. Bayan Sardar ji ya tafi yace kar na kuskura na zubar a bayi ko a kwata, na nemi shuka. Akwai wata bishiyar darbejiya a bakin ƙofar masaukin, su neem suke ce mata, na tsuguna na juye a gindinta, na saka kwalbar a aljihun jakata, mai tasi yana ta danna mana hon.